Uwar Ƙullu ta Garin Gada

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame a masallacin Sterling, nan Amurka, wasu samari suka tare ni a wajen ajiye motoci. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wani abokina direba, ya miƙo mini waya ya ce, "Baba Isuhu, duba nan. Fulawa, ruwa, gishiri, shi ke nan. Mu ma gidan burodi za mu buɗe, ai ba wuya." Na kalli hoton. Wata ta kwaɓa, ta juya, sai ga burodi ya fito yana tururi kafin mutum ya gama sa takalmi. Ban ce komai ba a wurin, don in na yi magana a tsaye nakan manta rabi, in koma gida in kasa cin abinci saboda rabin da na manta. Shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Aikin farko da aka ba ni a gidan burodi, can Birnin Konni, shi ne auna kwaɓi a sikeli. Ina wannan aikin ne wata tsohuwar mota ta mutu daidai ƙofarmu. Mai ita wani Bajamushe ne mai suna Toni, cikin waɗanda a lokacin kan tuƙo mota su ratsa sahara su sayar a ƙasarmu. Ya daɗe yana jiran kayan gyara, kuma da yake mahaifinsa mai gidan burodi ne, sai ya riƙa shigowa yana taya mu. Ya lura in na auna curi na ajiye, sai in sake ɗauko shi in auna, ko sikelin ya canja ra'ayi. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Ya ce da ni cikin Faransancinsa mai karyayyar ƙafa, "Tun da aka haife ni babana yake neman ɗa irinka, sai ya same ni." Na ɗauka wasa ne. Bayan ya koma sai ga takardun koyon sana'a sun iso, na bi shi Jamus.

Garinsu ƙarami ne, a bakin iyakar Jamus da Ostiriya. Sunansa bai taɓa zama daidai a bakina ba, ni dai Garin Gada nake ce masa, haka kuma 'ya'yana suka san shi. Kogi ya naɗe shi kamar gwiwar hannu, ruwan kore-kore, mai sanyi ko da tsakiyar zafi, don daga ƙanƙarar duwatsu yake saukowa. Gidajen dogaye ne, manne da juna, wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi. Mutanen da sunan Allah suke gaisawa, abin da ya kwantar mini da hankali tun ranar farko. Ranar Lahadi kuwa garin yakan yi tsit, ko shanya ba a yi a waje. A bangon wasu gidaje akwai zane-zane a jere, wani daidai gwiwa, wani ya wuce kaina. Na tambaya, aka ce kowane zane inda ambaliya ta taɓa kaiwa ne. A ranar na roƙi a mayar da katifata bene na sama.

Tarihin garin a bakin tanderu na ji shi, daga mahaifin Toni, Maigida Hans, mutum gajere mai hannuwa kamar turmi. Ya ce gishiri ne ya kafa garin. Daga duwatsu ake haƙo shi a loda a jiragen ruwa, in an zo wannan kwanar kogin, inda ruwa ke da haɗari, dole a sauke a nemi matuƙan garin. Masu gishirin suka gina manyan gidaje a wannan gaɓar, matuƙan suka zauna a waccan, amma gari ɗaya ne, kasuwa ɗaya, maƙabarta ɗaya. Sai aka yi wasu yaƙe-yaƙe a Turai, manya suka zauna a wani birni mai nisa suka ce daga yau kogin nan shi ne iyaka. Mutum ya wayi gari surukansa sun zama 'yan ƙasar waje. Daga baya jirgin ƙasa ya zo ya kashe safarar gishiri ta ruwa, garin ya tsaya da girma, ya zauna yadda na same shi.

Na ce, "Maigida, ai labarin garinmu kake ba ni. Mu ma tsakaninmu da Illela haka aka yi mana."

Ya ce, "Kakata kofi take tsallakarwa a cikin siket. Ku me kuke tsallakarwa?"

Na ce, "Fetur. Amma ba da ni ba."

Ya ce, "Kai ai ko an ba ka, da kanka za ka kai wa duwan, 'yan kwastan."

To, ku da kuka ce fulawa da ruwa da gishiri, ga abin da wayar ba ta nuna muku ba. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan burodin Hans akwai wani tulun ƙasa mai murfi, cikinsa ƙullu mai tsami, mai rai, yana kumfa a hankali. Ba sa amfani da yis na leda a baƙin burodinsu. Daga tulun nan ake ɗiba a tayar da kwaɓin ranar, sannan a mayar masa da gari da ruwa, ya ci ya ƙoshi kafin gobe. Garin da yake ci na wani ɗan'uwan alkama ne mai duhu, ni baƙar alkama nake ce masa. Suna kiran ƙullun Uwa. Hans ya ce ta girmi ita kanta iyakar, tun gari yana ɗaya take. Da aka raba garin, gidan burodin ma ya rabu, wa a wannan gaɓar, ƙane a waccan, kowa da tulunsa. Suka sa wa kansu doka: ba a barin Uwa a gida ɗaya, kuma ba a barin ta a hannu ɗaya. Duk shekara bayan girbi, masu gidajen biyu sukan haɗu a tsakiyar gada, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ludayi guda. In ta wani ta mutu, ya tsallaka ya karɓo, ba ciniki, ba gori. Ko lokacin da aka rufe gadar bayan babban yaƙi, wani masunci ne ya riƙa kai tulun a cikin kwale-kwale.

Ranar da na fara buɗe murfin tulun, ƙanshin da ya buge ni ya yi mini kama da na abin da ba mu sha. Na rufe, na wanke hannu, na hau jirgin ƙasa ranar hutuna zuwa babban birni na nemi wani malami Baturke. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "A garinku ba a barin ƙullun masa ya kwana?" Na ce ana bari. Ya ce, "To koma bakin aikinka." Na koma, amma sai da na sa Hans ya ware mini farantan da kitsen alade bai taɓa taɓawa ba, na ɗaura musu jan zare. Har ya bar duniya da jan zaren yake tsokanata.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da hali. Akwai kwandunan kaba da kwaɓi ke hutawa a ciki, ba a wanke su da sabulu, buroshi ake sa musu a shanya. Akwai dogon katako mai faɗin kai da ake zura burodi a tanderu da shi. In ka fizge da sauri burodin ya tuntsure, in ka yi nawa ya manne. Akwai burodin da ake murɗewa kamar mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji, suna ce masa biresal, wanda sai an tsoma shi a ruwan sodar da ake sabulu da ita kafin a gasa. Ruwan nan yana cin fata. Kowa safar hannu ɗaya yake sawa, ni nakan sa wata a kan wata, in ƙara da tabarau. Babban abin koyo kuwa shi ne sauraro. Hans yakan ɗauki burodi da zafinsa ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. In ya amsa kamar ƙwarya, ya nuna. In ya amsa kamar an bugi jiƙaƙƙen bango, a mayar. Na daɗe ƙwarai kafin kunnena ya raba su.

Shekarar farko da aka yi musayar gada da ni, ni aka ɗora wa tulun. A lokacin akwai ƙarfen tare hanya da ɗakin duwan a kowane bakin gada, kuma takardata ta Jamus ce kawai. A tsakiyar gadar akwai farin layi. Na tsaya nesa da shi, na miƙa tulun iyakar tsawon hannuna. Mai gidan burodin waccan gaɓar ya ce in matso. Na ce daga nan ma yana isa. Ma'aikacin duwan da kansa ya fito yana dariya, ya ce, "Taka mana, na rufe idona." Na ce ai Allah bai rufe nasa ba. Ƙarshe shi ya riƙe tulun aka zuba. Daga baya an cire ƙarfen, kuɗin ƙasashen ya zama ɗaya, ɗakin duwan ya koma shagon furanni, amma mutanen garin ba su daina ba baƙi labarin baƙin almajirin Hans da ya ƙi taka layi ba.

Da takardar zama a Amurka ta fito mini, Hans ya shafa Uwa a kan takarda siriri-siriri, ya bari ta bushe, ya farfashe ta kamar ɓawon ƙwai ya zuba mini a kwalba. Ya ce, "In ka jiƙa za ta farka. Ka nema mata gida na biyu." A filin jirgin Dulles ba wanda ya tambaye ni, ni na je na sami ma'aikaci na ce ina ɗauke da abu mai rai. Ya ja da baya. Da na buɗe kwalbar ya sunsuna, ya kira wata, ita ma ta sunsuna ta ce kakarta tana da irinta, suka sallame ni.

Na yi tuƙi a Sterling kamar kowa kafin Allah ya hore mini ɗan shago a Manassas, mu da iyali muna zaune a samansa. Masu sayena kashi-kashi ne. Akwai tsofaffin matan Jamus da suka auri sojojin Amurka tun suna 'yan mata, irin su Madam Gerda, wadda takan matsa burodi da babban yatsa tana hararata kafin ta saya. Akwai kuma 'yan'uwana direbobi. Wani ya ɗaga baƙin burodina ya ce, "Malam Isuhu, wannan na ci ne ko na gini? In da saura ka tara mini, ina da fili a Maraɗi." Don su na koma yin mai laushi mai sukari na shan shayi. Shi ke riƙe shagon, baƙin burodin kuma shi ke riƙe ni.

Gida na biyu ne ya ba ni wuya. Masu gidajen burodin da na zagaya duk yis na leda suke sawa, ba mai son ƙarin hidima. Na ajiye wani tulu a sama wajen iyali, amma rufi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, dokar ba ta cika ba. Ƙarshe na je wajen Hajiya Rabi, Bakanuwa mai yin masar suna da biki a Sterling, wadda in ka ce masa sai ta ce waina. Na kai mata kwalba da buhun baƙar alkama, na yi mata bayani tun daga gishiri har zuwa gada.

Ta ce, "Malam Isuhu, wai ƙullu za ka koya mini raino? Ajiye can kusa da nawa."

Na riƙa kiranta ina tambaya ko ta ba ta abinci. Wata rana ta ce, "Jikokina suna nan lafiya, tunda ba ka tambaya ba. Ƙullunka ma ya gaishe ka."

Muguwar shekarar da rani ta zo. Aka yi wata iska da ta tuge itatuwa ta katse wuta a ko'ina. Wani ƙaton itace ya faɗo a kan rufinmu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, amma hukuma ta zagaye ginin da igiya ta ce ba shiga sai an duba. Na tsaya a bakin igiyar ina roƙo a bar ni in ɗauko tulu. Matata ta ce, "Ɗaga igiyar mana ka shige, wa zai gan ka?" Ban ɗaga ba. Da aka buɗe mana bayan makonni, cikin wannan zafin, tulun sama ya fashe a ƙarƙashin katako, na ƙasa kuma na buɗe na tarar da funfuna ja da baƙa, da warin da ba na tsami ba. Ta mutu. Shagon ya zauna a rufe wata da watanni ana gyara, na koma tuƙi, wasu masu sayena suka saba da wani wuri.

Na tafi gidan Hajiya ban sa rai ba, don su ma an ɗauke musu wuta. Na same ta a bayan gida a gaban tanda, tana juya waina.

Ta ce, "Wuta? Malam, a Kano na girma. Su maƙwabta ne suka rikice, ni na fito da risho na ciyar da layin nan kaf."

Na ce, "Hajiya, kwalbar fa?"

Ta shiga ta fito da wata babbar roba. Na buɗe. Abin da ke ciki fari fat, yana kumfa, yana ƙanshin shinkafa.

Na ce, "Wannan ba ita ba ce. Tawa baƙa ce."

Ta ce, "Ita ce. Baƙin garin naka tun bara ya ƙare, na ga in na faɗa maka sai hawan jini ya kama ka. Na riƙa ba ta garin shinkafa, ta karɓa hannu bibbiyu. Kai, tun da na fara sa ta a waina ban ƙara sayen yis ba. Wainar sunan ɗan likita da ka ci kana santi, wa kake tsammani ya tayar da ita?"

Na zauna a kan bokiti. Uwar da ta girmi iyakar ƙasa biyu, ga ta tana tashin waina a Sterling. Na ɗebi ludayi na kai inda muke zaune, na fara ba ta baƙar alkama kaɗan-kaɗan, safe da yamma, ina zubar da rabi ina ƙarawa. Da farko ta yi shiru kamar tana fushi. Sannan ta fara duhu, ƙanshinta na da ya dawo. Ranar da aka sake buɗe shago, Madam Gerda ta zo ta matsa burodin, ta harare ni, ta gutsura ta daɗe tana tauna. Ta ce, "Me ya sa ka daɗe haka?" Ta sa a naɗe mata.

Bayan wasu shekaru, ina cikin share tanderu da hantsi, Toni ya kira ni. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Hans. Ya ce kogi ya sake yin zane a bango, ruwa ya cika ɗakin ƙasa, tulun ya tafi. Na ce ya tsallaka gada mana. Ya ce gidan waccan gaɓar magada sun sayar tuni, yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin, an daɗe ba a yi musaya ba. Ya ce, "Isuhu, in taka tana raye, ita kaɗai ta rage."

Na ce tana raye. Sai na ji ba zan iya ba shi amana da ɓoye-ɓoye ba. Na ce, "Toni, akwai magana. Ta ci shinkafa. Ba sau ɗaya ba, kusan shekara. A hannun wata Hajiya."

Sai na ji dariyar nan tasa ta kan buhu. Ya ce, "Babana bai gaya maka ba? Lokacin yaƙi ɓawon dankali ta ci, da garin 'ya'yan itacen daji. Shinkafa ai biki aka yi mata. Kawo ta."

Na shanya ta a takarda kamar yadda Hans ya yi, na kai da kaina. Toni ya ƙi karɓa a gida, ya ce sai a gada. Muka je tsakiya da kwalba, mutanen gari suka taru, har da tsohon ma'aikacin duwan yana dogara sanda. Farin layin ya kusa gogewa. Ya nuna mini shi da sandar ya ce, "Yau fa?" Na ciro fasfo na duba, na sake dubawa, sannan na taka. Suka yi ta tafi kamar na ci kokawa.

Yanzu baƙin burodin da ake ci a Garin Gada daga robar Hajiya Rabi ya fito, kuma duk wanda ya je sayen waina sai ta gaya masa tana da reshe a Jamus. Ita ce ma take kirana yanzu ta ce, "Malam Isuhu, ka ba ta abinci kuwa?"

To samari, ni na tsufa, Hajiya ta girme ni, Toni ya girme mu duka. Wanda yake son sana'ar nan a cikinku ya zo Manassas da kwalba mai tsabta. Ba zan nuna masa tanderu ba tukuna. Zan zuba masa ludayi guda ya kai gida. In ta kai azumi da rai a hannunsa, sai mu yi maganar fulawa da ruwa da gishiri. Ya kuma bar wayarsa a kunne, don zan riƙa kira.